Kafin Ka Ɗauki Biro, Je Ka Zauna da Tsofaffi

'Yan'uwana matasa masu shirya wasannin kwaikwayo na gargajiya, irin waɗanda ake yi idan lokacinsu ya zagayo a shekara, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wata ɗabi'a da ta fara yi mana katutu. Mutum ya ɗan yi karatu, sai ya ɗauko wasan da kakanni suka bari ya yi masa kwaskwarima har ya fita daga kamanninsa, ya cusa masa dogayen jawabai, sannan ya tara tela da manomi da ɗan makaranta ya ce su haddace. Ranar wasa kowa ya tsaya yana inda-inda, 'yan kallo su zame ɗaya bayan ɗaya, marubuci ya koma gida yana cewa 'yan wasa ba su iya ba. Tsakani da Allah, laifin wa?

Irin wannan wasa, 'yan kallo sun san ƙarshensa tun suna yara. Abin da ya fito da su shi ne su ga maƙwabcinsu cikin shigar sarki ko ta dodo, su kuma ji baitin nan da suka saba ji. A ƙauyukan Ingila akwai wasan da ake bi gida-gida da shi lokacin Kirsimeti: jarumai biyu su cika baki, su gwabza, ɗaya ya faɗi matacce, sai wani likitan bogi ya shigo da kwalbar magani ya tashe shi. Labarin ke nan gaba ɗaya. Baitocinsa gajeru ne masu amsa-amo, shi ya sa aka daɗe ana gadonsa baki da baki. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasan ya mutu a wurare da yawa, domin samarin da ke yin sa ba su dawo ba, kuma waɗanda suka farfaɗo da shi daga baya sun dogara ne da abin da aka rubuta daga bakin tsofaffi. To kai da tsofaffinka ke raye, me kake jira? Kai musu ziyara da wayarka, ka naɗi muryarsu, har da wuraren da suke saɓa wa juna.

In ka zo rubutu, auna kowace magana da bakin wanda zai faɗe ta. Mai kunya ka ba shi layi biyu da sanda a hannu, zai fi ƙarfin zuciya. Mai surutu ka bar masa fili ya saka barkwancin bana, amma ka gaya masa inda zai tsaya. Abin da harshe ya gaza, kaya su ɗauka. A wasan Ta'aziya na Iran, da ake yi a watan Muharram, mutanen kirki kore suke sawa suna rera maganarsu, azzalumai kuma ja, suna faɗin tasu da tsawa. Ko wanda ke can bayan taro ya san wane ne wane.

Sai kuma ku 'yan wasa. Cewa ba a biyan ku ba hujjar zuwa gwaji a makare ba ce. A ƙauyen Oberammergau na Jamus, tun 1634 mutanen gari ke yin wasansu da kansu, yanzu duk bayan shekara goma, kuma mazan kan bar gashi da gemu fiye da shekara guda saboda shi. Annobar korona ta hana na 2020, suka yi haƙuri suka yi a 2022. Mu kuwa gwajin mako uku ma sai an bi mutum har gida. Ku yi gwajin ƙarshe a ainihin filin da za a yi wasan, da kayan a jiki, wani ya tsaya can nesa ya ɗaga hannu duk lokacin da bai ji magana ba.