Dagin da ke ƙofar zaurenmu ma rawa ne

Ran kasuwa wani ɗalibi ɗan ƙauyenmu, can gefen Ringim, ya nuna mini bidiyo a waya. Turawa ne su shida, sanye da ja da shuɗi da rawaya, suna ta lanƙwasa jiki a gaban wani zane da babu mutum, babu dabba, babu bishiya, sai layuka da launuka. Ya ce, "Malam, wai wannan ma rawa ce?" Muka kwashe da dariya. Da na koma gida na ɗaga kai na dubi zayyanar da ke saman ƙofar zaurenmu, sai jikina ya yi sanyi.

A Turai irin wannan zane bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Wassily Kandinsky, mutumin Rasha, yana cikin waɗanda suka fara shi wajen 1910. Hujjarsa ita ce launi da layi na taɓa zuciya kai tsaye kamar kiɗa, ba sai an zana surar wani abu ba. A 1926 ya yi amfani da hotunan wata 'yar rawa Bajamushiya, Gret Palucca, ya mai da tsallenta 'yan layuka kawai. Masu rawar zamani kuma suka juya abin: su dubi zane, su mai da shi motsi.

To abin da su sai da suka yi ta muhawara kafin su yarda da shi, mu a cikinsa muka tashi. Aska takwas a ƙirjin babbar riga, zanen ƙwarya, launin faifai, lallen amarya, wanne ne hoton wani? Ka bi dagi da yatsa: layi ne ya shiga, ya fita, ya kewayo ya koma inda ya faro. Haka 'yan mata ke yi a gaɗa, ɗaya ta fita fili ta juya, ta faɗo da baya, ƙawaye su cafe ta su cilla. Ba labari ake bayarwa ba, ba liƙi ake jira ba. Daɗi ne zalla, a farin wata.

Yanzu dandali ya zama kufai. Rawar da ta rage ita ce ta gaban waya, mutum shi kaɗai a ɗaki yana kwaikwayon takun wasu, yana ƙirga waɗanda suka kalla.

Na san za a ce rawa shashanci ce. In cakuɗar maza da mata ake gudu, ina tare da masu gudun, amma gaɗa ai ta mata ce zalla. Wasu kuma za su ce wanda bai ci ba ina shi ina rawa. Iyayenmu sun fi mu sanin yunwa, duk da haka da gangar noma suke gayya, mata kuma na lugude suna cilla taɓarya sama suna tafi. A tsakiyar wahalar suke nemo nishaɗinsu, ba su jira sai rumbu ya cika ba.

Shawarata ga malaman firamare ba ta bukatar ko sisi. A zana babban dagi a ƙasa da toka, a jera yara goma su bi layin da tafi, mai shiga ya sunkuya, mai fita ya yi tsalle, sauran takun a bar musu su ƙirƙiro. Ɗalibin nan ya ce zai gwada da ƙannensa in an gama kai gero gida. Ni na ɗauki nauyin tokar.