Daren da na kare iyalina daga kan tebur

Shekara shida ina gaya wa matata cewa ni ba na tsoron maciji. Ban yi ƙarya ba, domin a tsawon shekarun nan ban haɗu da ko ɗaya ba.

Ranar da asirina ya tonu, ruwa aka wuni ana tafkawa. Bayan isha'i ina kishingiɗe, sai ga ta ta fito daga kicin a hankali, muryarta ƙasa-ƙasa: "Maigida, akwai maciji a bayan firij."

Har yau ban san yadda aka yi na tsinci kaina a kan teburin falo ba. Na dai tuna ina riƙe da filon kujera, ina ba da umarni. Ita ce ta kwashe yaran zuwa ɗaki, ta tura zane ƙarƙashin ƙofa, ta dawo ta tsaya tana kallona. Na ce mata daga sama an fi hango abokin gaba.

Da ya leƙo, na daka masa tsawa iya ƙarfina. Ko gezau. Na zuba masa ido ina jiran ya ƙifta, shi ma ya zuba mini. Mun fi minti biyar a haka kafin maƙwabcinmu, wani dattijo da ya daɗe yana noma, ya shigo da tocila da doguwar tsintsiya.

"Yaro, da wa kake faɗa?"

"Baba, tsorata shi nake yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce maciji ba shi da kunne a waje, motsin ƙasa ya fi ji ta jikinsa, kuma ba shi da fatar ido, don haka ko zan kwana ina kallonsa ba zai ƙifta ba. Ya sa muka ja da baya, ya ce in gamsheƙa ce tana iya feso dafi cikin ido daga nisan mita 2. Nan take na rufe fuska da filon.

Ya buɗe ƙofar baya, ya janye bokiti da takalman da ke hanya, ya riƙa buga tsintsiyar a ƙasa daga nesa. Maciji ya zame ya fice cikin ruwan sama, kamar baƙon da ya gane ya yi ɓatan gida.

Sai Baba ya haska bayan firij. Kashin ɓera ne birjik. Ya ce ruwa ne ya cika masa rami, ɓera kuma ya gayyato shi. Ya haska ƙasan ƙofa, inda akwai giɓin da yatsu uku za su shige. Matata ba ta ce uffan ba. Wata huɗu ke nan tana roƙona in kira kafinta.

Washegari na toshe giɓin da kaina, na share sito. A can na ci karo da saɓar maciji, ta fi wanda ya fita tsawo. Na ruga gidan Baba ba takalmi, na ce uwarsa na nan. Ya ce saɓa miƙewa take yi in ana tuɓe ta, shi ya sa takan fi mai ita tsawo.

Na yarda da shi sarai. Amma daren nan a mota na kwana, na ce wa yara gadi nake yi. Ƙaramar ta tambaye ni: "Ko in kawo maka filonka, Abba?"