Motar 'yan kallo a Salzburg da wuraren da Kannywood ta manta

Kullum da safe, da kuma bayan azahar, manyan motocin safa suna tashi daga dandalin Mirabell a tsakiyar birnin Salzburg na ƙasar Ostiriya, maƙil da baƙi. Akwai Amurkawa da 'yan Ingila da 'yan Ostireliya, akwai mutanen Koriya da Japan da Indiya. Ba gidan Mozart suka nufa ba, duk da a garin aka haife shi a 1756. Sawun wani fim suke bi mai suna The Sound of Music, wanda kamfanin Amurka ya zo ya ɗauka a nan a 1964, aka sake shi a 1965. Ana kiyasin mutum kusan 300,000 ne ke zuwa birnin duk shekara saboda wannan fim kaɗai, alhali mazauna garin gaba ɗaya ba su wuce 155,000 da ɗoriya ba.

Ina zaune a wannan yanki, kuma na shiga motar nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk sanda na ga ta wuce, Kano nake tunawa.

Ga wanda bai san fim ɗin ba: wata budurwa ce mai suna Mariya, tana shirin zama sista a gidan ibadar mata, aka tura ta raino gidan wani tsohon kyaftin na sojan ruwa da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya bakwai. Ta koya wa yaran waƙa, ta tausasa zuciyar uban, suka yi aure, sannan iyalin suka gudu daga ƙasar da 'yan Nazi suka mamaye ta. Marayu, soyayya, uba mai tsauri, aure, da waƙa a tsakanin kowane zance biyu. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Hausa ya san wannan zubi, ba sai an yi masa bayani ba.

Tafiyar takan ɗauki awa huɗu. Jagora na tsaye a gaba da lasifika, yana ba da labari, in ya yi shiru sai ya kunna waƙoƙin fim ɗin, mota ta ɗauka gaba ɗaya. Za ka ga dattijuwa mai furfura tana rerawa tana share hawaye, jikarta na gefe ita ma ta haddace. Ana tsayawa a bakin tafki a hango fadar Leopoldskron daga tsallake, don gidan yana da masu shi, ba a shiga haka kawai. Ana zuwa lambun fadar Hellbrunn a ga rumfar gilashin da aka yi waƙar soyayya a cikinta, wadda aka ɗauko daga inda take da farko saboda masu kallo sun addabi masu gidan. A kulle take yanzu, sai dai hoto daga waje. Ana nuna gidan ibadar Nonnberg a kan tudu, wanda aka kafa tun wajen shekara ta 714 kuma har yau akwai masu ibada a ciki. Daga nan mota ta fita gari ta shiga yankin tafkuna da duwatsu, a tsaya a hango ƙauyen St. Gilgen da tafkin Wolfgang, a ƙare a garin Mondsee inda cocin da aka ɗauki ɗaurin auren yake.

Sai abinci. Wasu kamfanonin suna haɗa kuɗinsa da na mota, ko a ci da rana a hanya, ko da dare bayan an dawo gari, wani lokaci har da mawaƙa. Abin da ake kawowa kusan ɗaya ne: miya mai ruwa, sai naman da aka daka ya yi faɗi aka tsoma a ƙwai da garin burodi aka soya, wanda suke kira shinitsel, a haɗa shi da taliya, sannan sitirudel, wato gasasshen fulawa mai nannaɗe da tuffa da kirfa. Abin lura a nan, mutanen Ostiriya da dankali suke cin shinitsel ɗinsu, ba da taliya ba. Wata waƙa ce a fim ɗin ta ambaci shinitsel da taliya, Amurkawan da suka rubuta ta haka suka ga ya dace da amo, sai masu abinci suka bi waƙar don baƙi abin da suka ji suke nema.

Ga Musulmi mai niyyar zuwa, ya yi tambaya kafin ya biya. Shinitsel na asali da naman maraƙi ake yi, amma mai araha da ake yawan kawo wa taron baƙi na alade ne, ko na maraƙin ma ba yankan Musulmi ba ne. Sitirudel kuma wasu masu gasawa suna jiƙa busasshen inabinsa a giya. In ka faɗa tun da wuri suna canza maka da kifi ko ganye, ba tare da wata matsala ba. Lokacin salla babu shi a jadawalinsu, sai ka tsara da kanka a lokacin da ake bayarwa a Mondsee.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na zauna a nan shi ne, 'yan ƙasar ba su damu da fim ɗin ba. Maƙwabtana da abokan aikina da yawa ba su taɓa kallonsa ba. Da ya fito bai karɓu ba a Ostiriya da Jamus. Suna da nasu fim ɗin da aka yi da Jamusanci a 1956 a kan iyalin von Trapp, wato iyalin gaske da aka gina labarin a kansu, kuma na Amurka ya taɓo zamanin Nazi, zamanin da iyayensu ba sa son a tayar. Waƙar Edelweiss ta cikin fim ɗin, da baƙi da yawa ke zaton tsohuwar waƙar gargajiyar ƙasar ce, ko ma taken ƙasa, Amurkawa biyu, Rodgers da Hammerstein, ne suka rubuta ta a 1959 don wasan dandamali a New York. Babban gidan wasan kwaikwayo na Salzburg bai sa wannan wasa a dandamalinsa ba sai 2011. Amma duk da haka direba yana ci, jagora yana ci, mai otel da mai gasa sitirudel a Mondsee suna ci, ƙaramar hukuma tana karɓar haraji.

Ba komai na tafiyar ne ya kwanta mini ba. Fim ɗin ya nuna iyalin sun haye duwatsu da ƙafa zuwa Suwizalan. A zahiri jirgin ƙasa suka hau a 1938 zuwa Italiya, daga baya suka wuce Amurka suka zauna a Stowe cikin jihar Vermont. Da sun haye duwatsun da ke bayan Salzburg, a Jamus za su faɗa, dab da gidan hutawar Hitila a Berchtesgaden. Auren gaskiya a Nonnberg aka ɗaura shi a 1927, shekara 11 kafin mamayar. Ainihin gidansu kuma da ke unguwar Aigen, Himmler ne shugaban dakarun SS na 'yan Nazi ya mayar da shi masaukinsa a lokacin yaƙi. Jagora nagari yana faɗin waɗannan. Wasu kuwa sukan ambace su a gurguje su koma kan waƙa, kuma ina ganin wannan tauye haƙƙi ne. Ƙasar da aka kwashi Yahudawanta aka kashe bai kamata a ratsa tarihinta cikin daƙiƙa talatin tsakanin waƙa da waƙa ba.

To mu fa? Tun daga Turmin Danya a 1990, masana'antar finafinan Hausa ta fitar da dubban finafinai, kuma mafi yawan waɗanda suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1990 finafinan waƙa ne. Ana kallonsu a Damagaram da Maraɗi da Agadas, a zangunan Kumasi da Akara, a Garwa da Njamena, a unguwannin Hausawa na Sudan da Saudiyya. Ba baƙo ne ya zo ya yi mana su ba kamar yadda aka yi wa Salzburg. Harshenmu ne, 'ya'yanmu ne, lungunanmu ne a ciki. Matan aure sun haddace waƙoƙin, 'yan mata sun sa wa atamfa da ɗinki sunayen finafinan. Amma ka tambayi mai kallo a ina aka ɗauki waƙar da ya fi so, ba zai iya faɗa maka ba. Ya dai ga bakin ruwa, ya ga lambu, ya ga duwatsun da suka yi kama da na Jos. Babu allo a wurin, babu rubutu a ko'ina. Wanda ya riƙe kyamara ne kawai ya sani, sai darakta, in suna raye.

A ganina dalilin ba talauci ba ne. Muna son finafinan nan a ɗaki, muna jin kunyarsu a waje. Mutum zai kwana yana kallo, gari ya waye ya ce 'yan fim ba mutanen kirki ba ne. Abin da kake kunya ba za ka kafa masa allo ba.

Na tuna rigimar 2016, da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen finafinai a Kofa cikin ƙaramar hukumar Bebeji da kuɗi kusan naira biliyan 3, malamai da jama'a da yawa suka tashi suka ƙi, aka janye. Ba na raina waɗanda suka ƙi. Damuwarsu kan tarbiyya gaskiya ce, ni ma uba ne, kuma akwai rawar da ake yi a wasu finafinan da ba na so 'ya'yana su gani. Sai dai masu so da masu ƙi duk sun tafi a kan cewa amfanin fim ga gari sai an yi sabon gini an zagaye shi da katanga. Salzburg ba ta gina wa fim ɗin nan wani ƙauye ba. Lambun Mirabell, gidan ibadar, cocin Mondsee, duk suna nan ɗaruruwan shekaru kafin a zo da kyamara. Abin da suka yi biyu ne: ba su rushe ba, kuma sun rubuta wane fage aka ɗauka a wane wuri. Suwizalan ma haka ta yi da finafinan Indiya, har ta kafa mutum-mutumin darakta Yash Chopra a Interlaken a 2016 saboda yawan Indiyawan da waƙoƙinsa suka jawo mata.

Kano tana da abin da za a nuna wanda bai gaza na Salzburg ba. Ga Dala da Goron Dutse, ga Gidan Makama, ga Kasuwar Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata, ga Gidan Ɗan Hausa, ga madatsar ruwan Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. Ga tsofaffin gidajen sinima inda iyayenmu suka fara kallon finafinan Indiya da Kwarori ke kawowa, waɗanda daga cikinsu ne ɗanɗanon waƙa a fim ya shigo mana. Fim ƙofa ce kawai. Baƙon Salzburg waƙa ce ta kawo shi, amma yana komawa gida ya san tarihin gidan ibada mai shekara 1,300. Yarinyar da ta zo daga Yamai don ganin inda jarumarta ta tsaya za ta koma ta san wane ne Barbushe, ta ga yadda ake rini da baba.

Kuma ba Turawa nake hango mana ba. Mu ne kwastomomin: iyalan da ke zuwa Kano sayayya daga Nijar da Kamaru da Chadi, 'yan makaranta, da 'ya'yan irinmu mazauna waje da muke kai su gida hutu mu rasa inda za mu kai su ban da gidajen 'yan uwa.

A ɓangaren abinci kuwa ba ma sai an gwada mu da su ba. Su sai da suka sauya cimarsu don ta dace da waƙar baƙo. Mu abin da ake ci a fim shi ake ci a gida. A tsaya a Jakara a ci gurasa, ko a shimfiɗa tabarma a kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, ko dambu, ko masa, a bi da fura da nono. Babu tambayar ko halal ne. A sa lokacin azahar a cikin jadawali, a tsaya a masallaci. Kuɗin abincin ya tafi hannun matan da suka dafa kai tsaye, ba sai ya bi ta wani babban otel ba.

Akwai abubuwan da dole a kiyaye. Da yawa daga cikin finafinanmu a gidajen mutane aka ɗauke su, gidaje masu mata da iyali, ba a kwaso mota guda a tsaya musu a ƙofa ba tare da yardar maigida ba. Yadda ake hango Leopoldskron daga tsallaken ruwa ya isa misali. Rawa a cikin mota ba dole ba ce, a saurari waƙa a ji tarihinta. Hanyoyin nesa irin na Falgore zuwa Jos kuma a bar su sai tsaro ya tabbata, a fara da cikin birni inda awa huɗu ta ishi a zagaya.

Amma kafin mota, kafin tuwo, akwai aikin da ba ya jira. Rabilu Musa Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu. Kowannensu ya tafi da sanin wurare da shekaru da babu mai iya dawo da su. Kaset-kaset na bidiyo suna ruɓewa a shaguna da ɗakunan ajiya. Jami'ar Bayero tana da masana da suka daɗe suna nazarin wannan masana'anta, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu, tana da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. A ba kowane ɗalibi fim goma na farkon shekarun 2000, ya nemo darakta ko mai kyamara ko direban da ya kai 'yan wasa, ya zauna da shi ya naɗi muryarsa, ya rubuta sunan unguwa da layi da shekara, ya je ya ɗauki hoton wurin yadda yake yau tun ba a rushe shi an yi shaguna ba.