Yadda Kajin Ƙwaina Suka Wayi Gari da Cara

Da farashin kiret ɗin ƙwai ya fara fin ƙarfinmu, uwargida ta kawo shawarar mu ajiye kaji a bayan gidan da muke haya a Agege, ni kuwa na ce ta bar mini zaɓen, tunda a ƙauye na tashi. Wata Asabar na nufi wajen Oko-Oba, na tarar da wata Bayarabiya da kwali biyu na 'yan tsaki, ɗaya jajaye masu tsada, ɗaya farare waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na jajayen ba. Na tsuguna na yi gwajin da kakata ta koya mini, wato a kama ƙafafun tsako a juya kansa ƙasa, idan ya yi lamo mace ce, idan ya ɗago yana fafutuka namiji ne. Na ware farare 12 da suka yi lamo. Matar tana ta nuna su tana cewa "akuko, akuko", ni kuma na ɗauka sunan irin kajin ke nan, har na dawo gida ina sanar da maƙwabta cewa na samo irin akuko, wanda ba kowa ke da shi ba.

Suna da mako shida surukata ta zo daga Kano. Da la'asar aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, matan gidan duk suna wurin, sai na ga dama ta samu, na buɗe akurkin domin ta ga irin tattalin da mijin 'yarta yake yi. Hajiya ba ta ko tashi ba. Ta dube su sau ɗaya, ta ce, "Malam, waɗannan ai zakaru ne." Na sunkuyar da kai cikin ladabi na ce, "Hajiya, ai kajin turawa haka suke, ba kamar namu na Hausa ba." Ta ce in dubi yadda zankonsu ya yi ja ya miƙe tun yanzu, ga leɓe ya fara saukowa, ga ƙafafu masu kauri, alhali sagara a wannan lokaci zankonta ƙarami ne kuma bai yi ja ba. Tana cikin magana biyu daga cikinsu suka tayar da gashin wuya, suka haɗa ƙirji a gaban tabarmarta kamar 'yan dambe. Na ce wasa suke yi. Har yau idan na tuna da wannan kalma sai in ji zufa ta karyo mini, domin Hajiya ba ta ƙara cewa komai ba, sai ta gyara mayafinta ta ce Allah ya sa albarka, uwargida kuwa ta shige ɗaki da sauri, ina jiyo dariyar da take ƙoƙarin dannewa da matashi.

Wanda ban yafe wa ba shi ne telan da ke ɗakin ƙofar gida. Mutumin nan a Legas aka haife shi, yana jin Yarbanci kamar jakin Ibadan, ya kuma taɓa aiki a gidan gona. Ya san sarai cewa akuko zakara ke nan, amma wata huɗu yana gaishe ni da "Alhaji, yaya akuko?", ina amsa masa da fara'a. Da idonsa ya ga na sayo buhun abincin kaji masu ƙwai, shi ma ya ara mini guduma na buga musu akwatunan da za su riƙa saka ƙwai a ciki, domin na lissafa cewa daga mako na 18 zuwa na 20 za su fara.

Kafin lokacin ya cika, wata asuba sai ɗaya daga cikin kajin ya saki wata murya kamar ana jan tsohuwar ƙofa, ba a yi kwana goma ba sauran suka ɗauka. Sai a ranar telan ya ga damar yi mini karatu. Ya ce a wurin ƙyanƙyasa tun ranar farko ake raba su, kuma a irin jajayen kajin ƙwai launi kaɗai ya isa, matan jajaye, mazan farare, shi ya sa ake karyar da mazan da araha. A wasu irin kuwa gashin fiffike ake dubawa, ko a leƙa dubura, ƙwarewar da ya ce daga Japan ta fito kuma sai wanda ya koya. Gwajin kakata kuwa, a cewarsa, ba ya nuna komai sai tsakon da ya gaji. Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa tun farko, ya ce ba a tambaye shi ba.

Mai gidan hayar ya ba ni mako ɗaya. Mun yanka huɗu, na sayar da bakwai, ɗaya kuma ya tsallake katanga ban bi sawunsa ba. Hajiya idan ta bugo waya takan ce a gaishe mata da 'yan matan. Akwai sauran rabin buhun abincin a bayan ƙofa, idan da mai bukata.