Wa Yake Sayo Masa?

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwana iyaye, tun jiya akwai abin da ya tsaya mini a rai, na yi kuka a kansa, na ga gara in faɗa ko Allah zai sa wata uwar ta farga kafin ta kai inda na kai.

Jiya bayan La'asar na kai yarona na biyu wurin tela a Tudun Wada, za a ɗinka masa sababbin kayan Islamiyya. Shekararsa 9. Tela ya zagaya tef a ƙugunsa, ya duba, ya sake zagayawa. Ya buɗe littafinsa ya ga awon da ya yi masa kafin ƙaramar Sallah, sai ya ce, "Hajiya, yadin nan ba zai ishe shi ba, sai an ƙaro." Yaran shagon suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce "Tulu" ƙasa-ƙasa, amma duk mun ji. Kunya ta kama ni. Muna shiga Keke na hau yaron da faɗa: kai ba ka da aiki sai ci, bakinka ba ya hutawa, dubi yadda ka sa ana mana dariya. Bai ce komai ba. Sai da muka wuce Kasuwar Barci ya ɗago, idonsa cike da hawaye, ya ce, "Umma, ai ni ba ni da kuɗi. Ke da Abba kuke sayo mini."

Wallahi har muka isa gida ban iya buɗe baki ba.

Gaskiya yaron nan ya faɗa. Bai taɓa zuwa kasuwa ba, bai taɓa ɗora tukunya ba. Ni ce nake jefa masa biskit da robar lemo a kwandon makaranta don na makara. Ni ce in ya dawo nake dafa masa taliyar leda biyu da ƙwai, saboda ta fi tuƙa tuwo sauƙi. Babansu kuma ba ya shigowa hannu rabbana, kullum da leda: yau tsire, gobe shawarma, jibi askirim, ƙarfe 10 na dare a tashi yaro daga barci ya ci tsaraba ya koma ya kwanta. Mu muka jera masa duk wannan da hannunmu, muka kira shi so. Da jikinsa ya nuna, sai muka juya muna zaginsa. Wannan wane irin zalunci ne?

Da dare na ɗauko robar lemon da ya saba sha, mai 50cl, na karanta rubutun jikinta da ban taɓa kulawa da shi ba. Sukari giram 10 da 'yan kai a kowace mililita 100, wato sama da giram 50 a roba ɗaya. Na ɗauko ƙaramin cokalin shayi na riƙa ɗiban sukari ina zubawa a kofi, na wuce cokali 12 kafin in kai adadin. Na tsaya ina kallon kofin nan. Da wata ta zo gidana ta ɗura wa ɗana wannan tulin sukari a baki, da sai an raba mu. Amma ni nake ba shi kullum, har da sanya masa a firji ya yi sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko babban mutum abin da ya fi masa shi ne ya tsaya wajen cokali 6 a yini, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Yaron da bai kai shekara 2 ba ma likitoci cewa suke kada a ƙara masa sukari a abinci sam. Mu kuwa jariri ɗan wata 8 ake lasa wa lemo a gidan suna, ana dariya wai ya ji daɗi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka mayar da zaƙi kuɗin sayen shiru. Yaro ya yi kuka, "Yi shiru in ba ka alewa." Ana waya ya dame mu, a miƙa masa cincin. Za mu fita unguwa ya maƙale, a ba shi naira 200 ya je shago. Har hadda ba mu bari ba: "In ka kawo wannan surar zan sayo maka askirim." Mun koya wa zuciyarsa cewa maganin ɓacin rai ci ne, ladan ƙoƙari ma ci ne. To ranar da ya girma duniya ta ɓata masa rai, ina kuke zaton zai nufa?

Kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke da ba kya iya cin shinkafa sai da lemo a gefe, ta yaya za ki ce masa ya sha ruwa? Kai Alhaji da kake ture kwaɗon zogale kana cewa abincin awaki ne, a gaban yara kake faɗa, sun ji ka. Yaro abin da ya gani a kwanonmu shi yake ɗauka abinci, ba abin da muka faɗa masa ba.

Iyayenmu kakanni, Allah ya ƙara muku lafiya, ku yi haƙuri da ni. Na san ƙauna ce take sa ku ce, "Ku bar shi ya ci, ai hutu ne," ko ku ga yaro ya yi ɓul-ɓul ku ce uwarsa ta iya kiwo. A zamaninku yaro zai sha kunu da ƙosai ya fita, ya yi langa, ya hau mangwaro, ya ɗebo ruwa, sai Magariba a gan shi. Namu fa? Daga mota zuwa aji, daga aji zuwa lesin, daga nan Islamiyya, a dawo a kulle get a miƙa masa waya. Da wayar ma yake cin abinci, hannu na kai loma ido na kan katun, bai san lokacin da ya ƙoshi ba. In ya ce ya ƙoshi kuma mu ce sai ya cinye kwanon tas. Masana lafiya sun ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana. Nawa yaronki ya samu jiya?

Na san wata za ta ce, Hajiya, ana ta kai wa yake ta kaya, mutane na neman na sawa a baki kina zancen ƙiba. Gaskiyarki, akwai gidaje a garin nan da ba a ɗora tukunya sau biyu, Allah ya kawo mana sauƙi. Amma ko a gidan da babu, 'yar canjin da ake ba yaro da safe a kan alewa da lemon leda take ƙarewa, alhali za ta sayi gyaɗa ko awara ko ayaba. Yaro na iya zama siriri haƙoransa duk sun rube. Kuma ɗan wake da fate da dambu da miyar kuka da gwaten acca ba su fi ƙarfinmu ba, raina su muka yi. Na kuma san akwai jikin da gado ne, wani ko ruwa ya sha sai ya yi jiki. Ba kan halittar Allah nake magana ba. Kan abin da hannunmu yake miƙawa nake magana, wanda za a tambaye mu a kansa. Ƙibar ƙuruciya sau da yawa tana bin mutum har girma, ta jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma kusan kowa a cikinmu yana da wanda yake jinyar ɗayansu a dangi.

Ku tuna Umar ɗan Abu Salama, yana yaro hannunsa na yawo a akushi, Manzon Allah (SAW) ya ce masa ya ambaci sunan Allah, ya ci da hannun dama, ya ci na gabansa. Babu tsawa, babu kunyatawa, kuma ya ce tun daga ranar haka ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa a cikin Keke, a gaban direba, na yi wa nawa tsawa.

Yau bayan Asuba na kira shi na ba shi haƙuri. Na ce, "Laifina ne, ba naka ba, kuma tare za mu gyara." Ya ce, "Umma, har ke ma za ki daina shan lemo?" Na ce har ni. Babansu ya yi alkawarin tsarabarsa ta koma kankana da gwanda, ranar Asabar kuma zai kai su Dandalin Murtala su buga ƙwallo. Ku taya mu da addu'a, don na san ba sauƙi.

Don Allah, don Annabi, ku daina kiran 'ya'yanku Tulu da Buhu da Ƙatuwa. Kada ki ware masa kwano shi kaɗai 'yan'uwansa na shan lemo a gabansa, ki canza tukunyar gidan gaba ɗaya. Don Allah yau kafin ki rufe kwandon makaranta, ki sake leƙawa ciki. Alhaji, kai ma kafin ka tsaya a shago a hanyar dawowa, ka tuna yaron nan ba shi da kuɗi.

Ya Allah ka yafe mana abin da muka cutar da su da shi ba mu sani ba, ka ba su lafiya mai amfani. Amin.