Jin labari daban, a faɗa maka daban

Akwai maganar da nake ta juyawa a raina tun rasuwar Baffanmu. Yau na ce bari in fitar da ita, ko Allah zai sa wani gidan ya kauce wa abin da ya same mu.

Baffa ya cika a wani asibiti a Kano jim kaɗan bayan sallar asuba. Kafin a gama ɗaure masa haɓa a lulluɓe shi, wani yaro cikin 'ya'yanmu da ya kwana jinya ya riga ya saka hotonsa a zauren WhatsApp na dangi, ya rubuta innalillahi a ƙasa. Ba da mugun nufi ya yi ba. Yaro ne mai hankali, yana kuka ma ya rubuta. Amma ba a yi minti goma ba aka kwafi hoton aka ɗora a sitatus, daga nan ya fita daga hannun dangi ya shiga gari.

Gwaggo, wadda suke ciki ɗaya da Baffa, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, tana can ƙauyenmu a ƙasar Katsina. Wayarta 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, ba ta san wani zaure ba. A lokacin ni ina ta neman layin babban ɗanta, don ya je ya zauna kusa da ita kafin a faɗa mata, saboda tana da hawan jini. Layin bai shiga ba. Tana tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba, sai ga maƙwabciya ta yi sallama, ido jawur, tana cewa, "Sannu da haƙuri Hajiya, Allah ya jiƙansa." Gwaggo ta ce, "Wa?" Ashe ɗan matar ne ya gani a wayarsa. Ƙwaryar tsabar a nan ta suɓuce, ita kuma sai da aka kama ta aka kai ta ɗaki.

Ranar sadakar uku ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ɗan nan, mutuwa ba ta ba ni mamaki ba, rigar kowa ce, kuma na san jikin ya yi nisa. Amma ni da muka sha nono ɗaya da shi, a ce a bakin maƙwabta zan ji? Duk yawanku an rasa wanda zai faɗa mini?" Ban iya ce mata komai ba, domin gaskiya ta faɗa.

Abin da na ɗauka daga bakinta shi ne abin da iyayenmu suka sani tun fil azal, mu kuma waya take neman mantar da mu: jin labari daban, a faɗa maka daban. Bahaushe idan ya ce "ba a gaya mini ba", ba yana nufin bai ji ba ne. Mai yiwuwa ya ji tun shekaranjiya. Yana nufin ba a ba shi matsayinsa ba. Shi ya sa ake rabon goron suna gida gida, alhali unguwa duka ta san an haihu tun daga guɗar farko. Shi ya sa ake kai alewar ɗaurin aure har ɗakin kawu, ko da shi ne ya karɓi sadaki da hannunsa. Goron nan ba labari yake kaiwa ba, cewa yake yi kai namu ne, ba za mu yi abu ba tare da kai ba.

Ina ɗan firamare lokacin da kakanmu ya rasu, kuma ina tuna yadda aka yi. Kafin a fara haƙa kabari an zauna a zaure an lissafa waɗanda za a aika wa. Ba kowa ake aika ba. Wurin 'yarsa da ke aure a wani gari, dattijo aka tura a kan keke. Da ya isa sai da ya gaisa, ya sha ruwa, ya nemi mijinta suka keɓe, sannan aka ce mata jikin Malam ya yi tsanani, ana nemanta. A hanya aka ƙarasa mata maganar. Sanarwar da aka kai Rediyon Kaduna don na nesa su ji, ita ce ta zo ƙarshe, bayan duk wanda ke da hakkin ji daga bakin dangi ya ji. Mutanen nan ba su da waya, amma sun san wa ke fara ji, daga bakin wa, kuma da wane irin lafazi.

Kada wani ya ɗauka kukan zamanin da nake yi. Na san zafin wancan zamanin. Muna da kawu da ya tafi fataucin goro ya zauna a Kumasi, labarin rasuwar mahaifiyarsa a wasiƙa ya same shi, an riga an yi arba'in. Muna da inna a Jidda da sai alhazai za su dawo take aiko da kaset. A kunna shi a rikoda a tsakar gida, kowa ya yi tsit, ta gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya rasu wata huɗu da suka wuce ba ta sani ba. Idan ta zo kan sunansa sai ka ji mata sun fara sharar hawaye. Mai son aika saƙo Legas ko Fatakwal, ko dai ya je bakin gidan waya ya biya malamin wasiƙa, ko ya je tasha ya roƙi direba. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci, sai dai ka je ƙarƙashin lema a buga maka, ana ƙirga maka minti kana sauri kamar wanda ake kora. Wanda ya ga wannan ba zai raina zauren dangi ba.

Kuma mun ga ranarsa. A watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga, ƙanwata da ke aure a Gusau tana da tsohon ciki. Makonni ba mu ji ɗuriyarta ba. Labarin haihuwarta a 'yar takarda ya zo, an ninke ta huɗu, a hannun direban mota. Mahaifiyarmu ta sa aka karanta mata har sau uku. Haka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyaka ba a buɗe ba sai Maris ɗin 2024, 'yan'uwanmu na Maraɗi, waɗanda da can ta Jibiya suke biyowa su yi sammako su iske mu kafin azahar, a waya suka kalli bikin 'yarmu. Da aka ce za a yi wa wani ƙanenmu aiki, a zauren nan aka haɗa kuɗin cikin kwana biyu, wasu da suka turo ban taɓa ganinsu ido da ido ba. Ni ne ma na buɗe zauren, kuma ba ni da niyyar rufe shi.

Damuwata ita ce mun mai da shi madadin ɗan aike. Mutum ya saka katin ɗaurin auren 'yarsa a zaure, ya ce ai ya gayyaci kowa. Wan mahaifinsa yana nan da rai, tafiyar rabin awa tsakaninsu, bai taka ba, bai ko buga waya ba. Idan dattijon ya ƙi zuwa sai a ce tsoho ya cika fushi. Ba fushi ba ne. An jera shi ne sahu ɗaya da jikokinsa da surukan surukai, an watsa musu magana kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba, wanda ya tsinta ya tsinta.

Sannan a duba su wa ke cikin zauren nan. Namu muna da mutum ɗari da wani abu, amma da na zauna na lissafa, waɗanda suka fi cancantar a fara gaya wa komai kusan duk ba sa ciki. Tsofaffin mata ba sa ciki. Baffanni biyu da ajami kaɗai suke karantawa ba sa ciki. Matan da wayar gidan tana aljihun maigida, sai ya dawo da dare, su ma haka. Akwai wanda yana da babbar waya amma sai ya yi sati bai sa data ba, don kuɗin awo ya fi masa. Ka ga ke nan labarin gida ya koma hannun samari da ma'aikatan birni, su ke fara ji, su ke yanke shawara, iyayen gidan kuma sai abin da ya gangaro musu. An kifar da gidan, ƙasa ta koma sama, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne hoton marar lafiya. Mutum yana kwance, an sa masa robar fitsari, an ɗaura masa ruwa, bai san inda kansa yake ba, sai a ɗauke shi a saka wai a taya da addu'a. Addu'a ba ta buƙatar hoto. Dattijon da bai taɓa fitowa zaure ba hula ba, yau surukansa mata suna kallonsa ba riga. Mu da aka raine mu da alkunya, inda mace ba ta faɗin tana da ciki sai ido ya gani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, yaushe muka koma haka? Kuma a ƙasarmu ta yanzu akwai abin da ya wuce kunya. Wanda ya rubuta a zaure cewa gobe zai kamo hanyar gida da asuba, ko wane ya sayar da shanu biyar a kasuwa, ko wance ta dawo daga Umara, ya tuna waya tana shiga hannun da bai sani ba. Ana kai ta caji, ana ara, ana sacewa. Mu mutanen Katsina da Zamfara mun san abin da kalmar infoma take nufi, ba sai an yi mana bayani ba.

Sai tarkacen da ake turowa. Maganin ciwon suga da wani ya ce wani likita ya ce, hoton hatsarin da aka yi shekara biyar a wata ƙasa an ce jiya ne a hanyar Zariya, saƙon da aka ce ka tura wa mutum goma. Tun 2019 kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar a lokaci guda saboda irin wannan, amma bai hana ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, hadisin yana cikin Muslim. Ɓarnar a wurina ita ce labarin gaske yana nutsewa a ciki. Wata 'yar'uwarmu bazawara ta taɓa rubuta layi ɗaya cewa ruwa ya rushe mata katanga. Bidiyo goma sha suka biyo baya suka binne maganar, sai bayan kwana huɗu wani ya lura.

Alhali abin da na fi so in gani a zauren shi ne irin ƙananan labaran da wasu ke ganin ba su kai a faɗa ba. An yi ruwan shuka daren jiya a gida. Geron gonar gado ya fara fitar da kai. Wane ya kai izu goma. Jaririyar wance ta fara haƙori, tana ta zawo amma da sauƙi. Rijiyar tsakar gida ta ƙafe an yi mata yasa. Wanda ke zaune a Abuja ko Agadas ko Jidda, waɗannan su ke riƙe masa igiyar gida. Idan ba ka jin ɗan'uwanka sai ranar mutuwa ko ranar da ake neman gudummawa, ko da kuna zaure ɗaya, baƙi ne ku. Gaisuwarmu ma ai haka take, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ina labari. Kafin a ce sai alheri an riga an ba mutum ƙofa biyar ko shida da zai shigo da abin da ke damunsa. Hannun nan da ake ɗagawa a waya, ko "amin" da aka kwafo, ba ya buɗe ko ɗaya.

Bayan arba'in ɗin Baffa mun zauna, manya da yara, muka yi magana ta fahimta. Ba a tsawata wa yaron nan ba, don ba wanda ya taɓa koya masa, laifin namu ne mu da muka ga yadda ake yi muka yi shiru. Muka amince ba za a ƙara saka labarin rasuwa ba sai an tabbatar iyaye da mata ko miji da 'ya'ya da 'yan ɗaki ɗaya sun ji daga bakin mutum, kuma idan tsoho ne ko marar lafiya, sai akwai wani zaune kusa da shi. Tunda jana'iza ba ta jira, mutum uku aka ɗora wa buga wayoyin, don kada a ce an makara. Gayyatar aure da suna, manya a taka a same su, na nesa a kira su, sannan kati ya shiga zaure. Kowane tsoho kuma aka haɗa shi da yaro ɗaya a gidansa da zai riƙa kunna masa saƙonni.

Gwaggo jikarta ce ke yi mata. Duk Juma'a bayan la'asar yarinyar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, inda sabis ya fi kamawa, ta kunna mata saƙonnin murya na sati ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta kara wayar a kunnen da ya fi ji, tana amsawa kamar mai maganar yana gabanta: "Madalla. Allah ya raya. Ayya, Allah ya sawwaƙe." Idan an gama sai ta ce a danna mata, ta yi nata. Ba ta taɓa yin ƙasa da minti bakwai ba. Tana farawa daga na Maraɗi, ta bi ta Gusau da Kano, ta gangara Kumasi wurin jikokin kawu, kowa da sunansa da sunan 'ya'yansa. A na makon jiya ta ba mu labarin jar akuyarta ta haifi biyu, sannan ta ce a gaya wa na Kano, wato ni, ta ji muryata a waya ta gode, amma rabonta da ganin ƙafata tun ƙaramar sallah. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kama hanya.