Yaƙin Pakistan da VPN da wanda yake ji a jikinsa

Ranar 8 ga Fabrairun 2024 aka yi babban zaɓe a Pakistan. Ƙorafin maguɗi ya yi yawa, kuma kafin a cika mako biyu gwamnati ta toshe shafin X, wanda a da ake kira Twitter. Jama'a ba su yi wata-wata ba suka koma VPN. Da hukumomi suka ga toshewar ba ta yi aiki ba, sai suka juya kan VPN ɗin kansa. Hukumar sadarwar ƙasar, PTA, ta ce kowa ya yi wa nasa rajista kafin 30 ga Nuwamba, in ba haka ba a rufe shi.

Ga wanda bai saba da shi ba, aikin VPN shi ne ya lulluɓe bayanan da ke fita daga wayarka, ya bi da su ta wata kwamfuta a wani wuri daban, galibi a wata ƙasa. Kamfanin layinka yana ganin kana kan intanet, amma ba ya ganin shafin da ka buɗe. Da shi bankuna da manyan kamfanoni suke haɗa ma'aikatansu da rumbun bayanansu. Saurayin da ke zaune a ɗaki a Lahore yana rubuta wa wani kamfanin Turai manhaja, sau da yawa ba za a ma buɗe masa ƙofar aikin ba sai ta VPN. Duk ranar da aka rage masa ƙarfin intanet, abincin gidansu aka taɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka jawo addini cikin maganar. A watan Nuwamban 2024, majalisar da ke ba gwamnatin Pakistan shawara kan lamuran Musulunci ta ce amfani da VPN don kai wa ga abubuwan batsa da makamantansu ya saɓa wa shari'a. Babu mai musun haramcin batsa, kuma duk uban da ya taɓa duba wayar ɗansa ɗan sakandare ya san damuwar gaskiya ce. Amma hukunci a kan aikin yake. Wuƙar da mahauci ke yanka da ita, da ita ɗan daba ke sara, kuma ba a taɓa hana mahauta wuƙa ba. Sannan a dubi lokacin da maganar ta fito: magoya bayan tsohon firaminista Imran Khan, wanda ke gidan yari, suna shirin zanga-zanga a Islamabad. Idan aka ɗauko rigar addini aka rufe buƙatar siyasa da ita, addinin ake zubar wa mutunci a idon matasa. A wannan watan ne kuma firaminista Shehbaz Sharif ya taya Donald Trump murnar cin zaɓe a shafin X ɗin da aka hana talakawansa shiga. Matasan ƙasar sun gani.

Wa'adin rajistar VPN ɗin ya zo ya wuce, gwamnati ta ja da baya.

Wasu za su ce ai rajista ba hani ba ce. A ganina tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. A 2022 Indiya ta umarci kamfanonin VPN su riƙa ajiye bayanan masu hulɗa da su har shekara 5. ExpressVPN da NordVPN da Surfshark suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar, don sirri suke sayarwa, kuma ba sirri in akwai kundin sunaye a hannun hukuma. Mai laifin gaske, wanda ya san kan kwamfuta, yana iya kafa tasa hanyar da 'yan kuɗi kaɗan. Wanda ake tura wa wahala shi ne mai ƙaramin sani, wanda zai sauke duk wata manhajar kyauta da ya samu, ba tare da ya san waye mai ita ba ko ina ake kai bayanansa.

Mu a Najeriya ba labari aka ba mu ba. A Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, ministan shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar. Masu sayar da atamfa da turaren wuta ta shafin suka wayi gari sai sun kunna VPN kafin su ga saƙon mai saye. An ɗage hanin a Janairun 2022, kuma a Yulin shekarar kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka.

Don haka duk ranar da wani ɗan majalisa ya kawo mana ƙudirin taƙaita VPN da sunan tsaro ko tarbiyya, a tambaye shi wa zai riƙe kundin sunayen, wace kotu za ta ba da izini kafin a buɗe shi, kuma ko ministoci ma za su shiga ciki.